Kofin Saudiyya: Tseren minti biyu da aka shekara huɗu ana neman zakaransa

A daren Asabar, 29 ga Fabrairun 2020, dawaki 14 suka zabura daga ƙofar tashi a filin sukuwa na Sarki Abdul'aziz da ke bayan birnin Riyad. Nisan tseren mita 1,800 ne a kan turɓaya, ladan da aka sa kuma dala miliyan 20, adadin da ba a taɓa ɗora wa wani tseren dawaki ba a tarihi. Kafin minti biyu su cika an yi an gama. Wani doki daga Amurka mai suna Maximum Security ne ya fara ƙetare layi, wata goɗiya mai suna Midnight Bisou tana dafe da shi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon doki guda ba. Aka miƙa kofi, aka ɗauki hotuna, baƙi suka kama hanyar gida.

Amma dala miliyan 10, rabon wanda ya zo na ɗaya, ba su bar Riyad ba. Kwana tara bayan tseren, masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayyar Amurka a birnin New York suka tuhumi mutum 27, cikinsu har da masu horas da dawaki da likitocin dabbobi da dillalan magunguna, bisa zargin ɗura wa dawaki ƙwayoyin ƙara kuzari a ɓoye. Ɗaya daga cikin manyan sunayen da ke takardar tuhumar shi ne Jason Servis, mutumin da ya horas da Maximum Security. Daga nan hukumar sukuwa ta Saudiyya ta riƙe kuɗin, ta ce sai abin da bincike ya nuna.

Binciken ya ɗauki shekara huɗu da wata biyar. Servis ya amsa laifinsa a Disambar 2022, a Yulin 2023 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara huɗu, sannan a Agustan 2024 alƙalan tsere na Saudiyya suka soke nasarar dokin, suka ayyana Midnight Bisou a matsayin zakarar Kofin Saudiyya na farko. A lokacin goɗiyar ta daɗe da barin fili, domin tun a 2020 aka yi mata ritaya, ta koma gona tana haihuwa.

Har yau wannan hukunci bai daina raba kan masu sha'awar sukuwa ba, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a iya turewa da hannu ɗaya. Masu kare dokin suna cewa ba gwajin jini ko na fitsari ne ya tona asirin Servis ba, jami'an bincike ne suka yi ta sauraron wayarsa, don haka babu wani sakamakon ɗakin gwaji daga daren Riyad da ya kama dokin da laifi. Suna ƙarawa da cewa bayan an raba shi da Servis an mayar da shi bargar Bob Baffert, ya sake cin manyan tsere biyu a Kalifoniya a cikin shekarar. Masu ganin hukuncin ya dace kuwa suna tunatar da mutane inda dokin ya faro: a Disambar 2018 an saka shi a wani ƙaramin tsere a Florida wanda duk mai dala 16,000 zai iya saye shi a ranar. Doki mai wannan farashi ya wayi gari yana gaban dawakin duniya, mai horas da shi kuma ya tsaya gaban alƙali ya amsa laifin amfani da haramtattun magunguna. A ganinsu babu sauran abin tambaya.

Dokin kansa dai kamar an rubuta masa ta leƙo ta koma. A Mayun 2019 shi ne ya fara ƙetare layi a tseren Derby na Kentucky, wanda ya fi kowane tsere daraja a Amurka, amma alƙalai suka ƙwace nasarar bayan sun duba hoton bidiyo suka ga ya karkace ya tare wa wasu hanya, suka ba wani doki mai suna Country House. Wannan ne karo na farko da aka karɓe Derby daga hannun wanda ya zo na ɗaya saboda laifin da ya faru a cikin gudu. Manyan kofuna biyu da ya fara ƙetare layinsu cikin ƙasa da shekara guda duk ya rasa su, ɗaya a ɗakin alƙalan tsere, ɗaya a sanadin kotu.

Abin da wannan badaƙala ta fito da shi fili ya shafi tsarin mulki fiye da yadda ya shafi dawaki. Shekaru da dama kowace jiha a Amurka tana da nata dokokin sukuwa da nata jerin magungunan da ta halatta da nata ɗakin gwaji, ta yadda abin da ya zama laifi a wata jiha ba komai ba ne a maƙwabciyarta, mai ha'inci kuma ya san inda zai kai dokinsa. A Disambar 2020 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta kafa hukuma guda mai kula da lafiyar dawaki da gwajin ƙwayoyi a faɗin ƙasar, sashen gwajin ya fara aiki a Mayun 2023. Wasu jihohi da ƙungiyoyin masu dawaki suka garzaya kotu suna cewa tarayya ta shiga gonar da ba tata ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a taron da ake jayayya kan iyakar ikon tarayya da na jihohi zai gane wannan rigima ba tare da an fassara masa ba.

Kuɗi ko tarihi

Tun kafin a buga ƙararrawar tseren farko, muhawarar da ta fi zafi a tsakanin masana ita ce ko kuɗi kaɗai na iya sa tsere ya zama babba. Derby na Epsom a Ingila ya faro a 1780, na Kentucky a 1875, Kofin Melbourne na Ostareliya a 1861. Mai doki da ya ci ɗaya daga cikinsu yana sayen suna ne da zai bi zuriyar dokin, ladan da ake bayarwa ƙari ne kawai. Ladan Derby na Kentucky dala miliyan 5 ne, wato rubu'in na Riyad, amma da wuya a sami Ba'amurken da zai ce ya fi son kofin Saudiyya a kan nasa na gida.

Masu shakka suna da misali a hannu. A 2017 aka ƙirƙiro wani tsere a Florida mai suna Pegasus da ladan dala miliyan 12, a shekarar da ta biyo aka ɗaga shi zuwa miliyan 16, zuwa 2020 ya faɗo miliyan 3. Masu kyakkyawan zato su ma suna da nasu misalin a maƙwabtan Saudiyya. Lokacin da Dubai ta fara nata Kofin Duniya a 1996 da dala miliyan 4, an yi ta yi mata kallon mai kuɗin da bai san inda zai kai su ba, sai ga shahararren dokin Amurka Cigar ya zo ya ci, daga nan manyan barguna suka riƙa sa watan Maris na Dubai a lissafinsu. A 2010 tseren ya koma katafaren filin Meydan, ladansa a yau dala miliyan 12.

Riyad ta bi sawun Dubai, kuma jerin waɗanda suka ci kofinta ya taimaka mata fiye da duk wata talla. A 2021 Mishriff ne ya ci, doki mallakar wani yariman Saudiyya wanda John Gosden ya horas a Ingila. A 2022, shekarar da aka ɗaga tseren zuwa rukuni na ɗaya a ma'aunin duniya, wani doki da ake horarwa a cikin Saudiyya mai suna Emblem Road, wanda kusan babu wanda ya sa shi a lissafi, ya taso daga baya ya wuce baƙi gaba ɗaya, filin ya kaure da sowa. A 2023 Panthalassa na Japan ya kama gaba tun daga tashi bai sake ta ba. A 2024 Senor Buscador, daga wata barga a jihar New Mexico da ba ta cikin manya, ya tsere wa Ushba Tesoro na Japan da tsawon kai. Zuwa 2024, kowace shekara da irin labarinta, babu wata ƙasa ko barga da ta mayar da kofin nata.

Daren da aka daina maganar kuɗi

Tseren da ya rufe bakin masu shakka da yawa shi ne na 22 ga Fabrairun 2025. A canjin wancan lokaci ladan ya kai kimanin naira biliyan 30, amma da gari ya waye ba maganar kuɗin ake yi ba.

A gefe guda akwai Romantic Warrior daga Hong Kong, dandaƙaƙƙen doki haifaffen Ayalan, wanda a Disambar 2024 ya zama dokin da ya fi kowane doki tara kuɗin lada a tarihi. Ya ci manyan tsere a Hong Kong da Ostareliya da Japan da Dubai, amma duk a kan ciyawa. Bai taɓa yin tsere a kan turɓaya ba, kuma masu sanin harkar sun san bambancin ba ƙarami ba ne: a turɓaya ana tashi da gudu tun daga farko, ƙasar da kofaton na gaba ke watsowa tana dukan fuskar na baya, dokin da bai saba ba yakan ɗaga kai ya ƙi gaba. Mai shi zai iya barinsa a gida ya ci gaba da kwasar lada a filin da ya sani, amma ya zaɓi ya gwada shi a inda zai iya jin kunya. A ɗaya gefen akwai Forever Young na Japan, ɗan shekara huɗu, wanda turɓaya ce gidansa. Shekara guda kafin nan ya ci Derby na Saudiyya a wannan fili, ya ci na Dubai, sannan ya zo na uku a Derby na Kentucky a wani ƙarshe da sai da aka duba hoto kafin a raba dawaki uku, tsakanin kowane da na gabansa tsawon hanci.

Forever Young ya tashi daga ƙofa ta 14, wadda ke can gefen waje, mahayinsa Ryusei Sakai ya matso da shi kusa da na gaba tun da wuri. Da aka zo kwanar ƙarshe, James McDonald ya fitar da Romantic Warrior waje, ya zagaye dawakin da ke gabansa kamar suna tsaye, ya shiga miƙaƙƙiyar hanya yana gaba da tazarar da ta sa masu kallo da yawa suka ɗauka an gama. Sakai ya fito da dokinsa waje, ya bi sawu. A mita ɗarin ƙarshe tazarar ta riƙa raguwa taku bayan taku, kuma daf da layi Forever Young ya sa kai gaba, ya ci da tsawon wuya. Doki na uku, Ushba Tesoro, yana can baya da kusan tsawon doki goma.

Gardamar da ta biyo baya ita ce irin wadda masu son sukuwa ke rayuwa dominta. Wasu suka ɗora laifin a kan McDonald, suka ce ya saki dokin da wuri, kuma faɗin da ya ɗauka a kwana ya sa ya yi tafiyar da ta fi ta abokin karawarsa tsawo, a tseren da aka rasa da tsawon wuya kuwa mita biyu ma asara ce. Wasu suka ce da ya tsaya a bayan dawaki yana jira, da ƙasar da ake watso masa ta kashe masa gwiwa tun kafin kwana, don haka fitar da shi fili ita ce dabara ɗaya da ta rage. Magana ta biyun ta fi kama hankali. Dokin da ya bar sauran dawaki 12 a baya da irin wannan tazara a ranarsa ta farko a turɓaya ba a yi masa mugun hawa ba. Ya dai gamu da wanda ya fi shi sanin ƙasar ne.

Abin da Japan ta shuka

Nasarar Forever Young ita ce ta biyu ga mai horas da shi, Yoshito Yahagi, wanda shi ne ya kawo Panthalassa a 2023, kuma ba sa'a ba ce. A 1981 Japan ta ƙirƙiro Kofin Japan ta gayyato dawakin waje domin ta auna nata, baƙin suka riƙa zuwa suna kwashe ladan. Maimakon ta rufe ƙofa, sai masu kiwonta suka shiga kasuwannin Amurka da Turai suna sayen iri. Sayayyar da ta sauya komai ita ce ta Sunday Silence, wanda ya ci Derby na Kentucky a 1989 amma masu kiwon Amurka suka yi masa kallon raini saboda asalin uwarsa da yanayin ƙafafunsa. Zenya Yoshida na gonar Shadai ya saye shi, ya fara barbara a Japan a 1991, 'ya'yansa suka riƙe matsayi na ɗaya a ƙasar shekara 13 a jere. Shi ya haifi Deep Impact, Deep Impact ya haifi Real Steel, Real Steel ya haifi Forever Young. Tsakanin sayen kakan da daren Riyad akwai shekara fiye da talatin.

Wannan lissafin nasaba ba ado ba ne, shi ne ginshiƙin sana'ar. Irin dokin da ake manyan tsere da shi a duniya, Thoroughbred, ba a karɓar doki a cikinsa sai uwarsa da ubansa suna cikin kundin nasaba da aka amince da shi, kundin da James Weatherby ya fara wallafawa a Ingila a 1791. Ta wajen uba, dukkansu suna komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen gabas tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, kuma mafi yawansu ga guda ɗaya, Darley Arabian, wanda aka saya a Halab ta Siriya a 1704. Har yau ba a yarda da ɗurin maniyyi a wannan iri ba, dole ingarma ya hau goɗiya, a rubuta ranar, a gwada jinin ɗan kafin a ba shi fasfo. Larabawan da ke zuba kuɗi a harkar sukan ce jinin kakannin dawakinsu suke dawo da shi gida, kuma tarihi bai ƙaryata su ba.

Wa ke biya

Akwai tambayar da ba a cika yi da ƙarfi ba a ranar biki, wato daga ina kuɗin ke fitowa. A Japan amsar a bayyane take. Hukumar sukuwarta, wadda aka kafa a 1954, tana ƙarƙashin ma'aikatar noma, kuma caca ce ke ɗauke da ita: kashi 10 cikin ɗari na duk kuɗin da aka zuba yana shiga baitulmali, doka kuma ta ware kashi uku cikin huɗu na wannan kaso domin bunƙasa kiwo, sauran domin walwalar jama'a. A Hong Kong ma ƙungiyar sukuwa, wadda ta faro a 1884, tana cikin mafiya biyan haraji da bayar da tallafi, duk daga aljihun masu caca.

A filin Riyad babu tagar caca ko ɗaya. Tseren dawaki yana da asali a Musulunci, domin ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tsere a Madina, ya ware nisa mai tsawo ga dawakin da aka horas da gajere ga waɗanda ba a horas ba, malamai kuma sun halatta ladan da shugaba ko wani na gefe ya sa, sun haramta 'yan kallo su zuba kuɗi a kan wanda zai ci. Saudiyya ta tsaya a kan wannan, gwamnati da kamfanoni masu ɗaukar nauyi ne ke biya, a matsayin wani ɓangare na shirin ƙasar na 2030 na jawo baƙi da rage dogaro da man fetur. Kamfanonin caca na ƙetare dai suna karɓar kuɗi a kan tseren daga nesa, abin da Riyad ba ta da iko a kansa. Raunin wannan tsari shi ne tseren yana rayuwa ne muddin masu mulki suna so kuma baitulmali na iya ɗauka. Ƙarfinsa shi ne ya nuna wa ƙasashen Musulmi cewa ana iya tara dawakin duniya a fili guda ba tare da an buɗe ƙofar da addini ya rufe ba.

Nahiyar da ba a gani a ƙofar tashi

Wanda ya duba jerin ƙasashen da dawakinsu ke zuwa Riyad da Dubai zai lura da giɓi. Afirka kudu da Sahara, inda doki ke da daraja a fada da kasuwa da filin sallar idi, kusan ba ta da wakili. Dalilin farko ba talauci ba ne, wani ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba, mai cizo da magariba da asuba, wanda ke yaɗa cutar da ake kira annobar dawakin Afirka. Ƙwayar cutar iri tara ce, tana cika huhun doki da ruwa ko ta kumbura masa kai da wuya, kuma a cikin dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe tara cikin goma. Jakin dawa yana ɗauke da ita ba tare da ta kayar da shi ba.

Duniya tana tsoronta ne saboda ta ga aikinta. Tsakanin 1959 da 1961 ta ratsa Gabas ta Tsakiya har Indiya, ta kashe dawaki da jakuna da alfadarai fiye da 300,000. A 1987 ta shiga Sifaniya ta jikin jakunan dawa da aka kai wani gidan namun daji daga Namibiya, ta ƙetara Fotugal da Maroko, har ta jefa wasannin dawaki na gasar Olamfik ta Basalona ta 1992 cikin shakku. A 2020 ta ɓulla a Tailan ta kashe ɗaruruwan dawaki. Saboda haka duk ƙasar da ke da dawaki masu tsadar miliyoyin daloli ba ta wasa da takardar lafiyar dokin da ya fito daga yankin da cutar take.

Afirka ta Kudu ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan. Tana da kundin nasaba da aka amince da shi, tana da gonakin kiwo da ƙwararrun masu horarwa, kuma a farkon shekarun 2000 dawakin yankin sun yi tashe a Dubai. Wata goɗiya haifaffiyar Zimbabuwe mai suna Ipi Tombe, a hannun Mike de Kock, ta ci ɗaya daga cikin manyan tseren daren Kofin Duniya a 2003. Bayan ɓarkewar cutar a 2011 a yankin da ake sa wa ido kusa da Cape Town, Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da dawaki kai tsaye daga ƙasar. Daga nan duk dokin da za a fitar sai an killace shi a gida, a kai shi tsibirin Morishus ya yi kwana 90, sannan ya wuce Turai ya sake zama kafin ya isa inda za shi. Dokin tsere da ya yi watanni a tsare ya rasa kakar wasa guda, wani lokaci ya rasa ƙarfinsa gaba ɗaya. Sai a Maris na 2024 Turai ta sake buɗe ƙofa, bayan shekara 13 ana aikin da babu mai tafa wa: rajistar kowane doki a yankin da aka keɓe, takardar izini kafin a motsa da shi, ƙa'idar lokacin rigakafi, tarkon ƙwari da ake ƙirgawa, da bargar killacewa da ƙwaro ba ya shiga a filin sukuwa na Kenilworth. Masu binciken Turai sun zo sun duba littattafan, suka gamsu.

A nan ne labarin ya taɓo Najeriya. Sukuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A filin sukuwa na Legas aka ɗaga tutar 'yancin kai ranar 1 ga Oktoban 1960, kafin a mayar da shi Dandalin Tafawa Ɓalewa a 1972. A Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato da Bida har yanzu ana haɗuwa, dawaki na zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, dokin Sudan kuma yana da farashinsa a wurin masu barga. Akwai masu kuɗin da za su iya sayen doki mai kyau, akwai yaran barga da suka tashi a kan sirdi. Amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta shaida ba su da annobar, an sha samun ɓarkewarta har a cikin dawakin ƙwallon dawaki da aka shigo da su da tsada, kuma dawaki suna ƙetare iyakokin arewa a ƙafa ba tare da wata takarda da wata ƙasar waje za ta karɓa ba. Dokin da ya cinye duk tseren Arewa, komai gudunsa, ba shi da hanyar zuwa ƙofar tashi a Riyad.

Hukumomin da aikin ya rataya a wuyansu suna nan. Akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta haura shekara ɗari tana gwaji da haɗa rigakafi. Akwai hukumar killace dabbobi da tsirrai mai ofisoshi a tashoshin jiragen sama da na ruwa da kan iyaka. Akwai kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka ƙirƙiro a Yulin 2024, wadda shanu da rikicin makiyaya suka cika mata tebur, doki kuma bai cika shiga jawabanta ba. Babu mai hankalin da zai ce a bar matsalar kiwon shanu a koma kan sukuwa. Sai dai rajistar dabbobi da sa ido kan cututtuka da takardar lafiya da ƙasashen waje za su gaskata abu guda ne, ko na saniya ne ko na doki, kuma shi ne dai abin da ke hana naman Najeriya shiga kasuwannin da ke biya da kyau.

A cikin bikin Kofin Saudiyya ana yin wani tsere na mita 2,100 a kan ciyawa, mai ladan dala 500,000, wanda aka keɓe wa dawakin da ake horarwa a ƙasashen da ba su kai sahun farko a harkar ba, domin kada manyan barguna su cinye komai. Dawaki daga Bahrain da Katar da Sifaniya da wasu ƙananan ƙasashen Turai sun sha shiga. Sharuɗɗan shigarsa ba su bambanta da na babban tseren ba: fasfon doki daga kundin nasaba da aka amince da shi, sakamakon gwajin jini, da sa hannun babban likitan dabbobi na gwamnatin ƙasar da dokin ya fito.